Kafin Ka Kafa Ɗakin Sauna a Gidanka

Ɗana, zo mu zauna mu yi magana a kan ɗakin nan da ka ƙwallafa rai a kansa. Na san ba almubazzaranci ne ya kai ka ba. Kana fita tun da sassafe, ka yini a bakin nema, ka kutsa cunkoson titin Ali Akilu ka dawo Unguwar Kanawa da gaɓoɓi a sanƙare, kuma wata rana a wani otal a Abuja ko Dubai, ko ma a waya kawai, ka ga ɗan ɗakin katakon nan da ake kira sauna, inda mutum ke shiga ya zauna cikin zafi har gumi ya keto masa ta ko'ina, ya fito jiki sakayau ya yi barci mai daɗi. Sai ka ce a ranka, tunda Allah ya hore, me zai hana in yi irinsa a gida, ni in amfana, iyali su amfana, tsohuwa ma ta samu sauƙin ciwon gwiwa. Niyya ce mai kyau, kuma ba hana ka zan yi ba. So nake kawai ka sani cewa ranar da ka shigo da zafin da ya kai digiri 80 ko 90 cikin gidan da yara ke guje-guje, to ka ɗauki amanar duk wanda zai taka ƙofar ɗakin, har da ta maƙwabcin da bai ma san kana yi ba.

Neman lafiya da zafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa ya san sirace: a dafa ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba, a sauke tukunya, mutum ya lulluɓa da bargo ya sunkuya a kanta har mura ta sake shi. Mun san wankan jego, mun san gashin ƙashi. Abin da mutanen Finlan suka yi shi ne sun gina wa zafin ɗaki na musamman, suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, har ta kai ƙasar da mutanenta suke kimanin miliyan 5.5 tana da irin waɗannan ɗakuna kimanin miliyan 3, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sanya al'adar cikin jerin al'adun gado na bil'adama. Amma ka lura da inda suke. Ƙasa ce da ruwan tafki ke daskarewa watanni, har mota ta bi ta kansa, yaro kuma yana tashi ne ya ga ubansa da kakansa suna shiga, ya koyi ƙa'idar abin tun yana goye. Kai kuwa a Kaduna kake, inda a watan Maris da Afrilu ɗakin kwananka ma ya ishe ka gumi ba tare da ka biya ko sisi ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka, tsakaninka da Allah, ita ce wata nawa a shekara za ka riƙa shiga. In amsar ita ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, da ɗan abin da ba a rasa ba a tsakiyar damina, to da wannan ma'aunin za ka auna kuɗin da za ka zuba, ba da ɗokin makon farko ba.

Abin da ake sayarwa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne, kuma mai sayarwa ba lallai ne ya bambance maka ba. Akwai na asali irin na Finlan, ɗakin katako da hita mai duwatsu a kai, zafinsa busasshe tsakanin digiri 70 zuwa 100, ana ɗan yayyafa ruwa a kan duwatsun tururi ya tashi. Akwai ɗakin tururi, ɗan'uwan gidan wankan da ake samu a Maroko da Turkiyya, wanda zafinsa bai cika wuce digiri 45 ba amma iskarsa jiƙe take sharkaf; shi tayil yake so daga ƙasa har sama, kuma ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri yakan toshe injinsa in ba a wanke shi a kai a kai ba. Akwai kuma akwatin katako mai fitilun dumama jiki da ake kira infrared, wanda ke zuwa a harhaɗe, zafinsa tsakanin digiri 45 zuwa 60, cin wutarsa kuma bai cika wuce kilowat 2 ba. Can ƙasa akwai ɗan tantin leda da ake zama ciki kai a waje, wanda a gaskiya siracen kakarka ne aka sa masa soket. In ka tambaye ni, mai gidan da ke cikin unguwa irin tamu, kan layin wuta ɗaya da jama'a, akwatin nan mai ƙaramin cin wuta ya fi kusa da ƙarfinsa, ko da yake wanda ya ɗanɗani na asali zai ce maka ba su haɗa hanya ba, kuma gaskiyarsa ce.

To bari mu yi lissafin wuta, domin nan ne yawancin masu wannan buri ke tuntuɓe. Ka auna tsawon ɗakin da faɗinsa da tsayinsa da mita, ka ninka su, adadin da ya fito kusan shi ne kilowat ɗin hitar da kake buƙata. Ɗakin da zai ɗauki mutum biyu zuwa uku, mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5 da tsayin mita 2.1, hitar kilowat 6 yake nema, in kuma akwai ƙofar gilashi ko bangon bulo da ba a rufe ba sai an ƙara. Kilowat 6 daidai yake da ka kunna matsakaitan na'urorin sanyaya ɗaki kusan biyar a lokaci guda. Ɗan janaretan da ke ɗaukar fanka da talabijin bai kai kilowat 1 ba, saboda haka shi ka cire shi daga zance, batirin sola kuwa zama ɗaya ya isa ya tsotse shi tas ya bar gida cikin duhu. Ɗakin na son kusan awa guda kafin ya ɗauki zafi, ka ƙara awa guda na zama da fita da komawa, ka ga an doshi yunit 10. Da farashin da hukumar lantarki ta NERC ta sanya wa masu shan wuta na rukunin A a watan Afrilu na 2024, Naira 225 kowane yunit, shiga ɗaya ta tashi Naira 2,250, in sau uku ne a mako kuwa ana maganar Naira 27,000 a wata. Sayen irin wannan kaya kamar sayen doki ne, ranar ciniki ba ta da wuya, harawa da dusar kullum su ne ke nuna ko mutum ya isa riƙo.

Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa za a soka hitar a bango kamar dutsen guga. Soket ɗin gida an yi shi ne don abin da bai wuce kilowat 3 ba. Hitar sauna tana son wayarta ita kaɗai, mai kauri, ta jan ƙarfe tsantsa, tun daga akwatin rarraba wutar gida har zuwa gindinta, da makatsin wuta nata mai faɗuwa da kansa in an samu matsala, da wayar da ake binnewa a ƙasa don ta janye wutar da ta ɓalle. Ɓangaren wayar da ya shiga cikin zafi kuma dole ya zama mai jure zafi, domin robar wayar gama-gari narkewa take yi a hankali a bayan katako inda ido ba ya gani. Ka nemo ma'aikacin wuta wanda ya san aikinsa, ka biya shi haƙƙinsa, ka bar shi ya duba wayoyin gidan gaba ɗaya, musamman in tsohon gini ne da aka yi wa waya tun zamanin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwai huɗu da rediyo ba. In ya ce maka gidan ba zai ɗauka ba, kada ka je neman wani da zai faɗa maka abin da kake son ji.

Akwai wata magana da nake jin nauyin faɗa, amma gara ka ji ta daga bakina. In lissafin ya yi maka yawa, za a samu mai raɗa maka cewa ai sai a zagaye mita, a ɗauko wa hitar wuta kai tsaye daga turke. Kada ka yarda, ɗana. Ban da cewa haramun ne kuma laifi ne da Kaduna Electric ke cin tara a kansa, wayar da aka ja a ɓoye ba ta da mai tsaronta, in ta yi zafi babu abin da zai katse ta sai gobara. Ka dubi yadda gidajen Unguwar Kanawa suke, katanga jingine da katanga, rufi na taɓa rufi, lunguna da yawa motar 'yan kwana-kwana ba za ta iya kutsawa ba. Wutar da ta tashi a ɗakinka ba za ta tsaya tambayar iyakar filinka ba. Ko ba gobara, taransifoma ɗaya kuke sha da jama'a, kuma da magariba, lokacin da kowa ya dawo gida wuta ta yi ƙasa, shi ne lokacin da ranka zai so ka kunna. Mai hankali sai ya zaɓi lokacin da layi ba shi da nauyi. In kuwa gidan haya kake, to kafin ka ɗaga ko ƙusa ɗaya ka nemi yardar mai gida, a rubuce.

Wani zai ce to a bar lantarki, a yi na itace, ai can Finlan ma asali da itace suke yi. Haka ne, kuma masu walda na Panteka, da na san hannunsu, za su iya ƙera maka murhun ƙarfe mai kyau in ka kai musu zane. Sai dai sharuɗɗansa ba na wasa ba ne. Ƙarfen ya zama baƙin ƙarfe mai kauri, kada a yi da durom ɗin da ya taɓa ɗaukar mai ko sinadari, kada a yi da ƙarfe mai rufin tutiya irin na bututun ruwa, domin in ya yi ja yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. A yi masa bututun hayaƙi da ya zarce rufi, a nisanta shi daga katako, kuma abin da ya fi aminci shi ne bakin murhun ya kasance a waje, ana iza wutar daga tsakar gida. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne kada ka taɓa shigar da kaskon gawayi ko murhun gas cikin rufaffen ɗaki da sunan dumama shi. Garwashi na fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai dai ya ji kasala da ɗan ciwon kai, ya ce bari ya ɗan jingina, daga nan sai labari. Ita ce ke kashe masu kwana da garwashi a ɗaki lokacin sanyi, ita ce ke kashe iyalin da suka kwana da janareta a baranda, kuma a cikin sauna ta fi samun dama, tunda mai shiga ya riga ya sa ran jin kasala. Duwatsun da za a ɗora ma kada a kwaso su daga bakin kogin Kaduna, dutsen ruwa na riƙe danshi a cikinsa, in ya gasu yana iya fashewa ya watso. A sayi waɗanda aka tanada domin wannan aiki.

Batun katako kuwa akwai abin da zai ba ka dariya. Katakon da Turawa ke ji da shi wajen yin bencin sauna, wanda suke kira abachi, obeche ne, na dazukan kudancin Nijeriya da Gana da Kamaru, wanda kafintocinmu ke yi wa kallon katako mai araha marar nauyi. Rashin nauyin nan shi ne darajarsa a nan: ba ya riƙe zafi ya ƙona cinya, ba shi da ƙulli, ba ya tsattsafo da ƙaro. Saboda haka ba sai ka yi odar komai daga waje ba. Ka dai tabbata ya bushe sosai kafin a kafa, in ba haka ba hunturun farko zai buɗe masa baki. Ka tsaya a kan kafinta kada ya shafa masa fenti ko man ƙyalli, kada kuma ya kusanto da baƙin mai ko maganin garar da suka saba shafa wa katakon rufi, domin duk abin da aka shafa, zafi zai tayar da shi ka shaƙa. Filawud da sauran katakon da aka manne da gam ba su da wuri a ciki, haka silin roba. Bayan katakon a sa audugar dutse mai tare zafi, a rufe ta da takardar alminiyam, a bar ɗan rata kafin a jera falankai. Kawunan ƙusoshi a ɓoye su ta ƙasan benci, don ƙarfe a wannan zafin tambari yake yi wa fata. Ƙasa a yi mata tayil marar santsi mai gangara zuwa magudana, ɗakin kuma ya kasance kusa da banɗaki.

Ƙofa ita ce abin da nake so ka fi sa wa ido. Ta buɗe zuwa waje, da turawa kawai, mariƙinta na katako, babu sakata babu kwaɗo, ciki da waje. Mutumin da jiri ya ɗauka ba shi da ƙarfin murɗa makulli, abin da zai iya shi ne ya faɗa jikin ƙofa ta buɗe. Na san za ka ce to yara fa, ai za su mai da shi wurin wasan ɓuya. Gaskiya ne, shi ya sa kwaɗon za ka sa shi ne a akwatin makunnin wutar da ke waje, makullin kuma yana aljihunka. A bar kafar shigar iska a ƙasa kusa da hita, da ta fita a bangon da ke fuskantarta, kada kafinta ya toshe su don wai zafi na zurarewa. A kewaye hitar da shingen katako, a sa mata agogon da ke kashe ta da kansa. Sannan ka tara mutanen gidan, uwargida da 'yan aiki da kowa, ka gaya musu da babbar murya cewa wannan ɗaki ba wurin shanya ba ne. A watan Agusta, ruwa na zuba kwana da kwanaki, kayan makarantar yara sun ƙi bushewa, wace uwa ce ba za ta yi tunanin ɗakin nan mai ɗumi ba? A can Finlan ɗin ma shanya tufafi a kusa da hita na cikin manyan dalilan gobarar sauna.

Yanzu mu zo kan jikin da zai shiga. Za ka ji alkawura iri-iri, wai yana narkar da tumbi, yana fitar da guba, yana maganin kaza da kaza. Nauyin da ka rage a ciki ruwa ne, kana shan kofi biyu ya dawo, aikin tace jini kuwa na ƙoda da hanta ne, kuma ƙoda ba abin da ta ƙi jini kamar ƙarancin ruwa. Akwai dai bincike na gaske da aka buga a 2015, wanda aka bi maza 2,315 na yankin Kuopio a Finlan har kimanin shekara 20, aka ga masu shiga sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar ciwon zuciya. Labari ne mai daɗi, amma mutane ne da suka saba tun ƙuruciya, kuma mai lafiya dama shi ne ke iya yawan shiga. Kai da ka haura arba'in ba ka tuna rabonka da awon jini ba, ka fara zuwa Asibitin Kawo ko Barau Dikko a gwada ka, ka gaya wa likita abin da kake shirin yi da magungunan da kake sha. Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su shiga sai da izinin likita. Mai sikila ka nisanta shi, domin bushewar ruwan jiki na tayar masa da ciwo. Mai zazzaɓi a kai shi gwajin jini, zafin ɗaki ba ya kashe ƙwayar maleriya. Da azumi a bakinka kada ka shiga. Wanda kuma ke neman haihuwa ya sani yawan zama cikin irin wannan zafi na rage ƙwayoyin haihuwar namiji na wani lokaci.

Wadda na fi jin tsoro a kanta ita ce mai jego. Ranar da matarka ko ƙanwarka ta haihu, za a samu wata gwaggo mai kyakkyawar niyya ta ce ai Allah ya kawo sauƙi, maimakon hura wutar ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, a riƙa sa ta a ɗakin nan ta gasu. A nan ne za a gane ko kai mai gida ne. A shekarun 1970, likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, inda suka nuna cewa a Zariya abin na samun kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Sun ɗora zargi a kan haɗuwar wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da yawan shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta ya fi karkata ga hawan jinin masu ciki da rama da ƙarancin abinci mai gina jiki fiye da wankan kansa. Ko wanne ne ya fi gaskiya, abu ɗaya bai canza ba: raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a tsakanin matanmu, sau da yawa ba a gane shi da wuri, kuma zafin sauna na sa zuciya bugu kamar ta mai sassarfa. Ka ba gwaggo haƙuri cikin ladabi, ka ce likita ya hana, ka riƙe makullinka. In kuma ka ga mai jego na haki, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da filo, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata zafi. Asibiti za a nufa a ranar.

In duk ka auna waɗannan ka ga za ka iya, to bismilla, Allah ya sa albarka. Ranar da aka gama aiki kada kowa ya shiga. A kunna shi babu mutum, ƙofa a buɗe, ya ƙone warin sabunta, mai aikin wuta na tsaye yana taɓa waya da makatsi ya ji ko suna ɗumi. Washegari ka fara da kanka, a bencin ƙasa, minti biyar zuwa goma, da tawul a ɗaure don suturta al'aura, bayan ka cire agogo da zobe ka bar waya a waje. Ka sha ruwa kafin ka shiga da bayan ka fito, kada ka shiga da cikakken ciki, kuma ka gaya wa wani a gidan cewa kana ciki, ya leƙo ka in ka wuce kwata. Ko bayan ka saba, minti goma sha biyar zuwa ashirin ya isa zama ɗaya. Tsohuwa kuwa, in likitanta ya yarda, a rage mata zafin sosai, wata ta zauna tare da ita, kuma in za ta tashi a kama mata hannu, domin a daidai miƙewar nan ne jini ke sauka mutum ya yanke jiki ya faɗi.